Saƙon Ƙarfe Ɗaya

Na gaji kujerar Baba Waya a ofishin masu zanen gine-gine wata huɗu bayan rasuwarsa. Na gaji kofin shayinsa mai tsagaggen baki, da saitin da ya bari a manhajar ajiya, wanda in ka gan shi sai ka rantse da gangan ya yi don ya ɓata wa na bayansa rai.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Kullum kafin ƙarfe ɗaya na rana manhajar takan kwashe fayilolin zane daga babbar kwamfutar ofis ta tura su ga na'urar ajiya da ke ɗaya reshen ofishin. In ta gama sai ta aika saƙo ta waya. Shi ke nan. Amma marigayin ya cika ta da sunaye irin "Sabo", "Sabo na gaske" da "Kar a taɓa".

Manaja ya ce in share duk wani tarkace, kuma kada lambar wani na waje ta saura a ciki. Na zauna na bi akwatunan saitin ɗaya bayan ɗaya: daga ina, zuwa ina, yaushe, sau nawa za a sake gwadawa in layi ya yanke. Da na zo kan wanda za a sanar, na tarar da lambar Baba Waya. Na goge na sa tawa. Har daɗi na ji, don ina son aiki tsaf.

A ranar, saƙon ya shigo wayata: "An gama lafiya. Tashi ka ci abinci." Na yi tsaki. Mutum ya saita na'ura ta riƙa tuna masa da cikinsa.

A rana ta huɗu mai gadi ya leƙo ya ce ina da baƙuwa. Dattijuwa ce, matar Baba Waya. Ta zauna a bakin kujera, ta kwance hankici, ta ajiye tsohuwar wayar marigayin a kan teburina.

"Ɗana, an ce kai ne a wurinsa yanzu. Duba min wannan, ta lalace."

Na duba. Caji cike, layi lafiya.

"Mama, ai ba abin da ya same ta."

"Da akwai. Kullum ƙarfe ɗaya takan yi ƙara. Tun Litinin shiru."

Na buɗe saƙonnin. Saƙon nan na cin abinci ne jere har ƙasa, duk an karanta.

"Mama," na ce, "wannan fa na'ura ce ke turowa."

"Na sani, ai ban haukace ba. A gabana ya rubuta, don na dame shi da faɗan rashin cin abinci." Ta gyara mayafinta. "In ya shigo nakan zuba nawa in ci. Kwanan nan kuwa sai la'asar ta yi ban tuna ba."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji a wurin aiki ba. Na juya ga allo. Akwatin yana karɓar lamba fiye da ɗaya, waƙafi kawai ake sawa a tsakani. Manaja dai ya ce ban da na waje. Na duba takardar ma'aikata da ke manne a bango, sunan Baba Waya na nan, ba wanda ya cire. Na sa waƙafi, na mayar da lambarsa.

Sai idona ya faɗa kan akwatin ƙasa, saƙon da ke tafiya in aikin ya gaza. Marigayin ya rubuta: "Ya lalace. Bar abincin ka zo." Lambobi ɗaya ne ga saƙonnin biyu, manhajar ba ta rabawa.

Ta ɗaure wayarta a hankici, ta sa min albarka, ta tafi.

Shekara guda ke nan aikin bai gaza ko sau ɗaya ba. Sha biyu da rabi nake duba layi, in duba wuta, in leƙa ko na'urar ajiya ta cika, har ranakun hutu. Manaja yana gaya wa baƙi bai taɓa ganin ma'aikaci mai kishin fayiloli irina ba. Ban gyara masa ba.

Ƙarfe ɗaya in wayata ta yi ƙara, ni ma nakan tashi in ci abinci.