Akabar a Bakin Tsohuwa Jummai

A Tarka, in an gama sussukar gero, mata kan taru ƙarƙashin gawo suna kaɗi suna wasan tsohuwar magana. Wata ta jefo kalmar da aka daina ji, kowa ta faɗi ma'anarta. Wadda ba ta sani ba sai ta ƙago ƙarya mai kyau, a sha dariya. Wadda ta dace ta ci goro.

Ran nan tsohuwa Jummai ce mai jefawa, wadda ɗanta Musa ke neman auren Salamatu, 'yar Bintu. Kuma Jummai, kowa ya sani, mai tonon asali ce kamar kaza a juji.

Ta ce, "Akabar."

Bintu ta san kalmar sarai. Duk garin sun ɗauka 'yar fataken Damagaram ce. Ba wanda ya san a bauta ta girma, can arewa a tantin makiyaya, tana tatsar raƙuma a akushin itacen da ake kira haka. Nasara sun ce bauta ta ƙare, amma ba su gaya wa masu neman aure ba. In aka gane, auren Salamatu ya mutu.

Wata ta ce ciwon jaki ne. Wata ta rantse sunan aljani ne. Aka iso kan Bintu.

Ta ce, "Takalmin mutanen da ne, Inna."

Sai dai jiki bai iya ƙarya ba. Mazari na kan cinyarta, gwiwarta ta ɗago, hannun hagu ya tallafe abin da babu, kamar yadda ake riƙe akushi a gindin raƙuma. Ta sauke da sauri. Ina! Idon Jummai na kanta.

Mata suka fara gyara zama suna jiran hukunci. Bintu ta tsani tsohuwar nan har cikin ranta.

Jummai ta ce, "Takalmi ne. Bintu ta ci."

Mata suka yi guɗa. Jummai ta miƙo goron, ta riƙe hannun Bintu ba ta saki ba, ta matso kusa da kunnenta.

"Raƙumarki tana harbi? Tawa sai da ta karya mini haƙori biyu."