Shayin Ruwan Tuffa a Gidan Wendell

Tun yana saurayi Wendell Thayer kofi yake sha safe da yamma. Bai taɓa ɗaukar shayi a bakin komai ba sai kakar da Lorraine Bouchard ta yi ritaya daga tuƙa motar 'yan makaranta, ta tare a gidan da ke gangaren gonarsa ta tuffa, cikin tsaunukan Vermont. Shi matarsa ta shekara shida da rasuwa, ita kuwa mijinta ya fi haka. Sati uku yana kai mata kwandon tuffa yana dawowa da maganarsa a ciki. Ranar Laraba dai ya yi ta maza, ya ce ko za ta zo shan shayi ran Asabar da ƙarfe huɗu. Ta ce to.

Yayarsa Beulah, wadda suke zaune gida ɗaya, da ta ji labari sai ta ajiye saƙarta.

"Shayi? Kai da kake cewa ruwan wanke-wanke ne?"

"Yaya, mutum ai yakan canza."

"Yakan canza kam. Jiya na gan ka gaban madubi kana rage gashin hanci."

Ran Asabar ya sheƙa wanka, ya aske gemu, ya saka rigarsa ta zuwa coci. Ƙarfe uku da kwata ya ɗauki butar shayi ya murɗa famfo. Famfon ya yi tari sau biyu, ya tofo ɗigo uku, ya yi tsit. Injin da ke jawo ruwa daga rijiya ne ya mutu. Ya kira mai gyara, mai gyara ya ce sai Litinin. Rafin bayan gida kuwa ruwan saman da aka kwana biyu ana yi ya dama shi ya koma laka, kanti kuma zuwa kaɗai minti arba'in ne a mota.

"Ina ruwan da ke cikin firji?"

"Na dafa wake da shi," in ji Beulah. "Ka sauka wajen Lorraine ka ɗebo mana."

"In gayyaci mace shan shayi, sannan in je roƙon ruwan dafawa a gidanta? Haba Yaya, ki rufa mini asiri!"

Ya fita baranda yana sosa ƙeya. A nan idonsa ya faɗa kan jarkoki goma sha biyu na ruwan tuffar da ya matse jiya da injinsa na katako, sabo fil, mai kalar zuma. Ya tsaya yana kallonsu. Can ya sunkuci ɗaya ya koma ciki.

Ya cika tukunya, ya ƙure wuta, ya watsa ganyen shayi cikin hannu guda, ya bar shi yana tafarfasa. Beulah ta ɗiba a cokali ta kurɓa, fuskarta ta tattare wuri ɗaya.

"Wannan ko tsutsar ciki ta ji shi sai ta yi ƙaura. Zubar."

Ya zubar. Saura minti ashirin. Beulah ta jawo kujera gefen murhu, ta harɗe ƙafa, ta shiga ba da umarni.

"Rage wutar nan, ba fata kake jima ba. Sa sandar kirfa ɗaya, kanumfari uku, citta ɗan yanki. Uku na ce, auta, ba biyar ba! Da ka ga tururi ya taso, 'yan kumfa sun jeru a gefen tukunya, sauke."

"Shayin fa?"

"Sai ka sauke. Cokali biyu, ka rufe, minti huɗu ka tace. Kada ka kuskura ka sa sukari, tuffa ta zo da nata."

Wendell ya bi tiryan-tiryan, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin Oktoba. Da ya tace ya ɗanɗana, sai ya dubi yayarsa. Zaƙi ne ya fara zuwa, ɗan tsami ya biyo, baurin shayi ya riƙe su daga baya.

"A ina kika koyi wannan?"

"Yanzu, a nan. Ka taɓa ganin wanda ya dafa shayi da ruwan tuffa in ba kai ba?"

Ƙarfe huɗu cif Lorraine ta ƙwanƙwasa, da burodin kabewa naɗe a tsumma. Tun daga ƙofa ta buɗe hanci ta ce gidan nan yana ƙamshi. Wendell ya ja mata kujera, ya tsiyaya mata a kofin tangaran na marigayiya mahaifiyarsu. A ido shayi ne sak. Yana cikin shirya yadda zai yi bayani, Beulah ta turo 'yar butar madara gaban baƙuwa, fuskarta kamar ta waliyyiya.

"Ga madara, Lorraine."

Kafin ya buɗe baki ta zuba. Nan take madarar ta tsinke, ta taso gudaji-gudaji tana yawo a saman kofin. Lorraine ta gyara tabarau ta leƙa.

"Maƙwabci, shekara talatin ina kwasar yara, babu abin da ban gani ba a gorunan ruwansu. Amma yau na fara ganin shayi ya haifi cuku."

Kunnuwan Wendell suka yi ja jawur. Ya sunkuyar da kai ya kwashe labari kaf ya faɗa, tun daga tarin famfo har tukunyar da aka zubar. Lorraine ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share hawaye, Beulah na taya ta tana bugun tebur. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, shi ma ya taya su dariyar.

Ya sauya mata kofi. Wannan karon ta kurɓa ba madara, ta sake kurɓa.

"Kanumfarin ya ɗan yi yawa."

"Na faɗa masa," in ji Beulah.

"Amma ƙara mini. Ka cika shi."

Sai da suka ga bayan tukunyar da rabin burodin, suna hirar tsofaffin malamansu da dusar ƙanƙarar da ake cewa za ta sauko da wuri bana. Da rana ta yi sanyi Lorraine ta miƙe tana karkaɗe siket.

"Ɗauko bokitai ka biyo ni. Ba za ka bar Yaya Beulah ba ruwa har Litinin ba. Gobe ma da safe ka zo ka ɗiba, amma ka taho da jarka ɗaya ta ruwan tuffar, a tukunyata za mu gwada."

Wendell ya ɗauko bokiti biyu, mafi ƙanƙanta a gidan. Beulah ta bi su da kallo, ta bi shi da kallo.

"Waɗannan ai sai ka yi sahu shida kafin ka cika randa."

"Bayana ne ke ciwo, Yaya," ya ce, ya riƙe wa Lorraine ƙofa.