Maganin da Ke Hana Runguma

Luyando ta ɗaga hannu tun daga bakin ƙofar gida, kafin mahaifiyarta ta ƙaraso.

"Mama, tsaya nan. Kar ki matso."

Tsohuwar ta ja ta tsaya da hannuwa a buɗe. Tun daga Monze ta hawo mota don ta yi jinyar 'yarta, ga shi an tare ta kamar mai tallan da ba a kira ba.

"Ikon Allah. Asibitin ne suka ce kar ki gaida uwarki?"

"Ai na gaya miki a waya."

Ta gaya mata kam, har bakinta ya gaji. Aikin Luyando ke nan a makarantar likitanci ta Lusaka, koya wa 'yan ajin farko yadda haske da zafi da lantarki ke aiki a jikin mai rai. Ɗalibai masu hamma ma tana shawo kansu, uwarta ce ta gagare ta. Bayan an cire mata ƙullutun ciwon daji a maƙogwaro, an ba ta ƙwayar aidin mai fitar da tururin da ido ba ya gani, don ya ƙone ragowar ciwon. Yau aka sallame ta, amma tururin bai gama barin jikinta ba, yana cikin guminta da yawunta. Ƙananan yara ya fi yi wa illa, ita kuwa tana da 'yar shekara uku, Chipego.

Ta shige ɗakin baya da aka ware mata, ta zauna a bakin gado. Kasala ta rufe ta, ko takalmi ta kasa cirewa.

Da rana tsohuwar ta kawo nshima, tuwon masara, da 'yan ƙananan kifin kapenta, ta tarar da kwano da kofi an ajiye su daban a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallonsu.

"Haka muka yi wa kawunki Mainza lokacin da ciwon ƙanjamau ya shigo gari. Kwanonsa daban, kofinsa daban. Ya mutu yana kallonmu daga nesa. Na rantse ba zan sake yi wa nawa haka ba."

"Wannan ba irin wancan ba ne, Mama. Kamar gaushi ne, na kusa ya fi jin zafi, kuma kullum ƙara mutuwa yake. Kwana kaɗan ne."

"Ni wane zafi ne ban sha ba?"

"Ke da sauƙi, kin tsufa. Chipego nake ji."

"Au, yau kuma tsufana ya yi rana."

Luyando ta so ta yi dariya, ba ta da ƙarfinta.

Tana cikin cin abincin ne maƙwabciya ta dawo da Chipego daga makarantar raino. Yarinyar ta hango takalmin uwarta ta ƙofar da aka bari a buɗe, ta yar da jaka, ta sheƙo a guje. Kakar na can wajen famfo, ba za ta cim mata ba.

"Fita! Kar ki taɓa ni!"

Luyando ba ta san tana da irin wannan muryar ba. Yarinyar ta ci birki a bakin ƙofa, hannuwanta a sama, ta kalli uwarta kamar baƙuwa. Ba ta ma yi kuka ba sai da kakar ta ɗauke ta.

Da la'asar Luyando ta leƙa ta taga. Tsohuwar na ɓarar gyaɗa a tsakar gida, Chipego na zaune a gindinta.

"Chipego, 'yar Mami," ta kira a hankali.

Yarinyar ta ɗago, ta tashi, ta koma bayan kakarta ta riƙe zani.

"Kaka, Mami ba ta so na."

Maganar ta soki Luyando har ƙahon zuciya. Ta san lissafin sarai, ita ke koyar da shi: runguma ɗaya ta ƙiftawar ido ba za ta yi wa yarinyar komai ba. Amma ta san 'yarta. In ta samu ɗaya za ta dawo neman ta biyu, gobe da safe kuma a tsince ta kwance a ƙirjin uwarta. Bayani ba ya tsare 'yar shekara uku, tsoro ne kaɗai zai tsare ta.

"Ki ce mata wani abu mana," in ji tsohuwar. "Kin ji fa abin da ta ce."

"Na ji. Bar ta a haka, Mama."

Ta ja tagar ta rufe.