Gangarar Rufin Baba

Yayana ne ya kawo maganar a fasa rufin ɗakin Inna. Wai silin ya jiƙe, bango ya yi tabo, don haka ta tattara ta koma gidansa. Inna kuwa ta ce ko ruwa zai kai mata wuya, ba za ta bar ɗakin da mijinta ya gina mata ba.

Ni abin dariya ma ya ba ni. Baba, Allah ya ji ƙansa, magini ne, kuma da hannunsa ya zuba rufin simintin nan. A ido shimfiɗe yake kamar faranti, amma ya bar 'yar gangara mai tura ruwa kusurwa guda. Daga nan ruwan ya bi indararo ya zuba a duron ƙofar kicin, don kada Inna ta sha wahalar ɗiba. Yaya dai bai taɓa riƙe cokalin gini ba, sai iya yanke hukunci.

Na ce ya biyo ni sama da bokitin ruwa. Ya hau yana haki yana mita. Na sheƙa ruwan a tsakiyar rufin, ya miƙe zuwa kusurwarsa kamar an kira shi. Nan ya taru, ya ƙi fita. Na zura hannu a bakin indararon, na jawo tsumman da aka cusa tam. Tsohon zanen Inna ne.

Muka sauko muka same ta a bakin gado, na nuna mata tsumman. Ba ta musa ba. Ta ce a da, duk lokacin da hadari ya haɗo, Baba ne ke fita ya cire murfin duron, ya gyara masa zama. Bana, da babu shi, ruwan farko kan murfin ya sauka, ya yi ta bugawa, ba mai buɗewa.

"Ƙarar ce ba na iya ji," in ji ta.

Tausayinta ya kama ni. Yaya ma bai sake zancen fasa rufi ba.

Da la'asar hadari ya taso. Sai na ga Yaya ya naɗe ƙafar wando, ya fita ya cire murfin. Inna ta leƙo ta taga, ta daɗe tana kallonsa.

"Matsa da shi hagu kaɗan," ta ce. "Nan Babanku yake ajiye shi."