Shaidar Montrel a Majalisa

Montrel yana kokawa da ɗaura lakatayen aro a wuyansa a kan matakalar majalisar jiha a Jackson, sai ya ji an fizgo hannunsa. Mahaifiyarsa ce, Vernice, ko kayan aikinta na sharar asibiti ba ta cire ba.

"Uban wa ya ba ka labarina ka kai kasuwa?"

"Mama, mutane na kallo."

"Su kalla mana!"

Fasto Whitlock ne ya ba shi ɗaki da aikin yankan ciyawa a coci, kuma a kan wannan ɗakin aka yarda aka sake shi daga gidan yari. In ya rasa shi, sai komawa. Yau faston ya zo karɓar ladansa: Montrel zai tsaya gaban 'yan majalisa masu muhawara kan dokar hana zubar da ciki, ya shaida cewa uwarsa ta je zubar da cikinsa, Allah ya taɓa zuciyarta a bakin ƙofa, ta juyo.

A tsallaken titi wani mai lasifika yana ta zuba lissafi, wai tun da aka halatta zubar da ciki fashi ya ragu a unguwannin baƙaƙe, a hana a ga yadda kurkuku zai cika. Jama'ar faston suna mayar masa da ihu: "Masu ƙarar da baƙar fata!" Abin haushi, masu ihun nan da shi mai lasifikar duk farare ne tas, ba wanda ya taɓa kwana a unguwannin da suke ambata.

"Kin ji shi ko?" in ji Montrel. "Ni yake nufi. Wai da ba a haife ni ba, da gari ya zauna lafiya. Fasto ko ba komai ya ce ina da amfani."

"Amfani! Ya ɗaura maka igiya a wuya yana yawo da kai."

"Ai ni ma labarina ne."

"Kana ciki, me ka gani? Ba abin da ya taɓa zuciyata. Kakarka ce ta fizgo ni daga layin asibitin da gashina, ta cusa ni mota. Shekarata sha shida. Kuka na yi har gida."

A take ya ji ya tsane ta, ya tsani kowa a wurin.

"Kin yi nadamar haihuwata kenan."

"Wa ya riƙa hawa bas duk Asabar yana zuwa ganinka a gidan yari? Fasto, ko wancan mai lasifika?"

Faston ya leƙo daga ƙofa, haƙora waje. "Ɗan'uwa Montrel, lokaci ya yi! 'Yar'uwa Vernice, ke ce jarumarmu yau."

Ko kallo bai ishe ta ba. Ta kama lakatayen ta ɗaure, ta ja har sai da Montrel ya yi tari.

"Gidana na gwamnati ne, ba za su bari in ajiye tsohon fursuna ba, ka sani. Shiga ka ce musu na juyo. Ka faɗa da kyau, har da hawaye."

A bakin ƙofa ya tsaya ya waiwaya, ko za ta dube shi. Ta riga ta ratsa tsakiyar masu ihun ta nufi tashar bas, ba ta juyo ba.