Ranar da Maza Suka Juya wa Dutse Baya

A ƙarshen zamanin Nasara an buɗe lakwal, wato makarantar boko, a Tungar Kailu, wani ƙauye na ƙasar Kurfai da ke gindin dutse, tafiyar safiya daga Filinge. Ajin ƴan mata rumfar zana ce, kuma Madam Hajara ke riƙe da shi. Ita haifaffiyar Filinge ce, ta yi karatu a Yamai, aure ya kawo ta Tunga, gidan tsoho Magagi. Mijinta Ibrah yana aikin allura a asibitin Filinge, sai ƙarshen mako yake zuwa.

Tun da ta shigo gidan ba ta taɓa yi wa Magagi magana ba. Haka ake yi tsakanin mace da surukinta. In ta hango shi a hanya sai ta ratse, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa har ya wuce. In tana da saƙo gare shi sai ta ba Muna, jikarsa, ɗiyar wan mijinta, wadda ita ce ƙarama a ajinta.

Akwai wani akwatin littattafai da aka aiko daga Yamai, yana ajiye a ɗakin darekta, shugaban lakwal, gara na cin gindinsa. Hajara kaɗai ke buɗe shi. Yawancinsu na hikimar mutanen dā ne, cikin Faransanci mai nauyi, irin wanda takan karanta shafi ta koma farkonsa. Amma akwai ɗaya a kan wasu matan Turai da suka hau duwatsun ƙanƙara, shi kam ta karanta shi har bangonsa ya saki. Takan juya wa yara wani wuri da Hausa in an gama lissafi.

Habsatu, wadda ta fi kowa girma da baki, ta taɓa tambayarta, "Madam, su matan ga ba su da daka ne?"

"Suna da. Sun aje tabarya sun tahi."

"To wa ya ba mazansu tuwo?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Abin da ya dame ta shi ne taswira. Ta zana Dallol, dogon kwarin da ya ratsa ƙasarsu, a allo, ta sa ɗigo nan Filinge, can Tabla, can ƙasa Baleyara, yaran suka ce maciji ne da ƙwai. Sai ta ga ai ga dutse nan a bayan gari, in sun hau za su ga kwarin da idonsu. Ranar Alhamis babu lakwal. Ta bi gida gida ta roƙi iyayensu mata, suka yarda, muddin za a dawo kafin dakan marece.

An yi ruwan shuka a makon, maza duk suna gona. Suka fita da hantsi, suka bi ta cikin sabara har gindin wani tsagi inda awaki ke hawa. Yawancin hanyar tafiya ce kawai, sai wuri ɗaya kusa da bisa, inda dutsen ya miƙe ya fi tsawon mutum biyu, da ramuka da za a sa ƙafa. Nan dole a buɗe ƙafa sosai. Babu kowa a wurin, don haka suka tattare zannuwansu har bisa gwiwa suka soke a ƙugu, suka hau ɗaya bayan ɗaya suna kyarkyata dariya.

A bisa suka tsaya suna kallo. Ga Dallol shimfiɗe, ga gawo jere, ga rijiyar gari kamar bakin ludayi, ga hanyar Filinge ta tafi fara fat. Muna ta daɗe tana kallo sannan ta ce, "Madam, ashe macijin nan ne." Hajara ta ji daɗin da ba ta taɓa ji a rumfar zana ba. Ta bar su suna nuna gidajensu, suna gardamar wace bukka ce ta wa, ta manta da duba gabas.

Da ta duba, hadari ya riga ya taso, baƙi, yana tafe da iska. Ta san dutsen nan in ya jiƙe santsi gare shi kamar sabulu, kuma tsagin da suka hau shi ne hanyar ruwa. Wata hanyar sauka tana can nesa, sai an yi yini ana zagaye. Ta tafa hannu ta ce a koma.

Suka isa bakin tsagin suka leƙa, sai ga maza cike da gindinsa. Wani mai shuka ya hango ƴan mata a bisa dutse ya yi shela, kowa ya jefar da sungumi ya sheƙo. Wasu sun zo da igiyar guga. Manzo, uban Habsatu, yana gaba yana ɗaga hannu. A bayansu kuwa, bisa jaki, ga tsoho Magagi. Dukansu sun ɗaga kai suna kallon daidai wurin da za a sauko.

Yaran suka ja da baya suka saki zannuwansu har ƙasa.

"Ku sauko mana," in ji Manzo. "Ba ku ga hadari ba?"

Habsatu ta ce a hankali, "Madam, ni ko ruwan wuta za a yi ba ni sauka baba na kallo."

Hajara ba ta ga laifinta ba. Saukar nan da baya ake yin ta, fuska ga dutse, ƙafa na laluben rami. Da zane a sake mutum zai taka bakinsa ya faɗo. Da zane a tattare kuwa, ga maza a ƙasa. Ita kanta ba ta ga yadda za ta yi ba.

Ta ɗaga hannu ta yi musu alama su matsa. Suka ɗauka igiya take nema, wani ya wurgo ta, ta faɗo masa a ka. Manzo ya tuɓe riga ya fara hawa, wai zai goyo su ɗaya ɗaya. Bai yi nisa ba wani falan dutse ya ɓalle a ƙarƙashinsa, ya zame ya koma yana busa tafin hannu. Muna ta ga haka ta zauna ta rungume gwiwa ta fara kuka marar sauti.

Iska ta iso da ƙanshin ruwa. Hajara ta dubi taron. Manzo ba zai ji maganar mace ba, sauran kuma Manzo suke kallo. Mutum ɗaya ne in ya ce a yi za a yi, kuma shi ne wanda ba ta yi wa magana. Ta dubi Muna ko za ta aike ta da murya, ta ga yarinyar ko sunanta ba za ta iya faɗa ba.

Ta gyara ɗankwali, ta matso bakin dutsen, ta durƙusa kamar a hanya suka gamu. Muryarta ta fita ƙarama, iska ta tafi da ita. Ta sake, da irin muryar da take tsawata wa aji.

"Baba. Ku gahurta mini. Ɗiyan nan mata na. A ba su baya."

Wani saurayi ya rufe baki da hannu. Magagi bai ɗago ya dube ta ba, bai kuma amsa ba. Ya sauka daga jakinsa a hankali, ya kama shi ya juya shi, shi ma ya juya.

"Kun ji," ya ce wa mutanen. "Kowa shi dubi gari. Manzo, har kai, sa rigarka. Wanda ya waiwayo ni da shi."

Suka juya duka, suka jeru suna kallon gonakinsu.

Hajara ta sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Ta kwanta rub da ciki a baki, tana riƙe wuyan hannun kowace har ƙafarta ta samu rami. Habsatu ce ta fara, ta tsaya a ƙasa tana tarbar sauran. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo lokacin da saura Muna kaɗai, ita kuwa ta ƙi motsi.

Habsatu ta faɗa wa bayan Magagi, "Kaka, Muna ta ƙiya."

Tsohon ya ɗaga murya, yana kallon kunnen jakinsa. "Ke Muna, matata, ashe raguwa na aura? Ni da ni kai awakin ubana bisa dutsin ga tun ban da wando. To zamna nan. Ni ko in tahi in cinye hurar da kinka aje cikin ƙwarya."

Muna ta ja majina. "Ba ka da haure."

"Hura ba ta son haure. Sauko ki hana ni. Ki sa ƙahwar dama tukun, akwai rami nan. In kin samai ki saki hannu. Kuma wanda ke riƙe da ke, in zai sauko, kar shi amince da ramin na ukku, ya lalace."

Hajara ta gane da wa yake. Ta riƙe Muna, yarinyar ta zura ƙafa, ta samu ramin, ta samu na biye, har ta faɗa hannun Habsatu. Sannan Hajara ta tattare nata zanen ta juya. Dutsen ya fara jiƙa. Ta tsallake ramin na uku, ta goge gwiwa, ta dire.

Suka saki zannuwa suka gyara. Ruwa ya fara sauka sosai, maza kuwa suna nan tsaye da bayansu, yana zuba musu a wuya, don babu wanda ya ce musu an gama. Hajara ta dubi bayan surukinta. Ta dafa kafaɗar Muna ta tura ta.

Muna ta je ta ja rigar kakanta. Ya dube ta daga kai har ƙafa, ya ɗauke ta ya ɗora bisa jakin. Maza suka waiwayo, kowa na neman ɗiyarsa, Manzo ya fara faɗa. Hajara ta ratse gefe ta tuɓe takalmi ta durƙusa cikin laka.

Magagi ya zo wucewa ta gabanta, yana jan jakin, idonsa a kan hanya.

"Muna," ya ce, "ki hwaɗa ma madam ɗinku, in za ta koma kai ku bisa, ta bari sai ranar kasuwar Filinge. Ran nan ba maza cikin gari."