Hular Kanar Ta Ci Hamsin da Takwas

Ni aka ɗora wa gwajin sababbin hulunan kwano masu rediyo da intanet, kafin a tura wa dakarunmu na kudu, inda ƙanena Jomar yake. Kanar Dimaculangan ya riga ya yanke cewa ranar Juma'a za a loda su a jirgi.

Na gaya masa hulunan ba su da kamun kai, duk na'urar da suka sansano a kusa sai su manne mata. Ya ce na cika tsoro, zai gwada da kansa.

Da hantsi muka fita bakin shingen bariki. Tsallaken titi ana bikin baftisma a shagon wata dattijuwa, Aling Pasing, an gasa alade, an kunna injin karaoke, wanda ke ba duk mai rera waƙa maki cikin ɗari. Kanar ya kifa hula ya ba da umarnin sirri, cewa rukuni na biyu ya zagaya ta bayan gada.

Sai ga muryarsa ta fito daga lasifikar Aling Pasing, har da amsa-kuwwa.

Na ce ga abin da nake faɗa. Ya ɗaga kafaɗa, wai abokan gaba ba sa zuwa baftisma, Juma'a tana nan daram.

Injin ya buga ganga, ya haska makinsa: hamsin da takwas.

Titi ya ɗauki dariya. A garinmu ko mashayi ba ya sauka ƙasa da tamanin. Aling Pasing ta leƙo da ludayi a hannu.

"Yallabai, jikata ta fi ka, kuma jiya ta fara magana!"

Kanar ya gyara murya ya sake umarnin, yana jan ƙarshensa. Sittin da ɗaya. Ya dafa ƙirji ya rera shi da karkarwa, 'yan biki suna amsa masa "ta bayan gada". Hamsin da biyar. Ya cusa wa direbansa hular, ya ce ya faɗa a ji. Direban ya yi atishawa kawai, injin ya ba shi casa'in da tara.

Kanar ya karɓe hular, ya daɗe yana kallon cikinta.

"Laftanar, wannan makirufo ɗin maƙaryaci ne. Ba za mu tura wa yaranmu abin da ba ya gane muryar kwamanda ba. A mayar wa masu ƙera su da kayansu."

Na sara masa. Shi kuwa ya tsallaka titi, yana tambayar Aling Pasing makirufo mai waya.